Shin Da Gaske Daga Tsiro Larabawa Ke Haɗa Albarushi? Fashin Baƙi Kan Bindigar Lagwani

Duk mai bibiyar shafukan sada zumunta zai yi wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton nan ba: wani saurayi daga duwatsun Ɗa'ifa, sanye da farar riga, ƙafa babu takalmi, ya daka tsalle ya juya bakin doguwar bindiga ƙasa, sai wuta da farin hayaƙi suka tashi a ƙarƙashin sawayensa kafin ya dira. Kusan kullum bayani ɗaya ake liƙa wa hoton, wato wai wannan ita ce bindigar Larabawa ta asali mai lagwani, kuma wai albarushin da ke cikinta daga itace ko ganye ake yin sa, babu wani sinadari a ciki. Tambayoyi biyu ne suka taso daga nan. Shin tsiro kaɗai yana iya zama albarushi? Kuma shin bindigar da ake gani a hannun masu wannan rawa da ake kira ta'ashir ita ce mai lagwanin da Larabawan ƙauye suka yi ɗaruruwan shekaru suna yaƙi da farauta da ita?

Amsar tambayoyin biyu ita ce a'a, amma a cikin kowace akwai ɗan guntun gaskiya, kuma wannan guntun ne ya sa maganar take da wuyar kawarwa. Tsiro yana da hannu a cikin albarushin gargajiya, har ma a wurare uku daban-daban, sai dai ba shi ne ke da kaso mafi girma ba. Sannan rawar da ake gani tsohuwa ce, amma bindigar da akasari ake yin ta da ita jikanyar mai lagwani ce, wato mai 'yar hular tagulla da za a yi bayaninta a gaba.

Kalmomin da ke rikita zancen

Kafin a je ko'ina, ya kamata a warware wasu kalmomi, domin Hausar yau ta cakuɗa su. A labaran rediyo akan ce an kama mutum da "albarusai 200", ana nufin harsasai. A asali kuwa albarushi shi ne baƙin garin da ke kamawa da wuta ya tura abin da aka ɗura, kuma kalmar daga Larabci ta zo, wato "albarud". Harsashi shi ne abin da ke fita ya sami abin hari, shi ma daga "rasas" ne, sunan da Larabawa ke kiran dalma da shi, domin da dalma ake zuba shi. A tsohuwar bindiga waɗannan biyun daban-daban ake ɗaukar su, daban-daban ake ɗura su. A bindigar zamani ne aka haɗe su cikin kwanso guda, daga nan sunayen suka fara shiga juna.

Ita kanta kalmar bindiga daga "bunduƙiyya" take. "Bunduƙ" a Larabci sunan wani ɗan itace ne mai kama da gujiya, kuma tun kafin a san albarushi da wannan suna ake kiran 'yan dunƙulen yumɓu da ake harba wa tsuntsaye da wani irin baka. Da makamin wuta ya zo yana harba dunƙulen dalma mai irin wannan siffa, sai ya gaji sunan. Akwai masu danganta kalmar da birnin Benis na Italiya, wanda Larabawa ke kira Albunduƙiyya, amma bayanin farko ya fi ƙarfi.

Tsofaffin bindigogin ɗuri ta baki iri uku ne, kuma abin da ya raba su shi ne yadda wuta ke isa ga albarushi. Ta farko ita ce mai lagwani, wadda a Oman da sauran sassan yankin ake kira "abu fatila". Bahaushe ba ya bukatar tafinta a nan, domin "fatila" ita ce ta zama fitila a bakinmu, sai dai a Larabci lagwanin ake nufi. Ta biyu ita ce mai ƙyastu, wadda dutsen ƙanƙara ke bugun ƙarfe ya fid da tartsatsi, ana kiran ta "ƙaddahi". Ta uku ita ce mai 'yar hular tagulla da ke fashewa idan guduma ta dake ta, wadda a Saudiyya ake kira "muƙamma'", kuma ba a san irinta a duniya ba sai wajen shekarar 1820.

Yadda mai lagwani ke aiki

A ɗauka ga mutum zaune a gindin dutse yana jiran barewa, da bindiga mai tsawon da ya kai kafaɗarsa ko ya zarce. Zai tsayar da ita a ƙasa, ya auna albarushi daga ƙaho ko ɗan tulun da ke rataye a ɗamararsa, ya zuba ta baki, ya sa dunƙulen dalma, ya bi da ɗan tsumma, sannan ya danna su da siririyar sandar ɗuri. A gefen bututun, can wajen gindi, akwai wani ɗan kasko da bai fi girman farce ba, da wata 'yar kafa da ta ratsa zuwa ciki. A wannan kaskon yake barbaɗa wani albarushin mai laushi. Lagwanin kuwa doguwar igiya ce da aka naɗe a jikin gindin bindigar, bakinta ɗaya yana ci a hankali kamar turaren tsinke, an maƙale shi a wani lanƙwasasshen ƙarfe. Idan ya danna kunama sai ƙarfen ya sunkuyar da garwashin cikin kasko, garin kasko ya kama, wutar ta bi ta kafa ta tayar da babban ɗurin.

Shi ke nan duk fasahar, kuma ƙarancin kayan cikinta shi ne ƙarfinta. A irin ƙirar da ta yaɗu a Indiya da ƙasashen Larabawa, ƙarfen da ke riƙe lagwani a cikin katakon yake a ɓoye, kansa kawai ke leƙowa, kuma babu wani abu a ciki da maƙerin ƙauye ba zai iya gyarawa ko sake ƙerawa ba.

Amma aibobinta ma a fili suke. Ruwan sama yana kashe lagwani, iska tana kwashe garin kasko, da dare garwashin yana tona asirin mai kwanton ɓauna, ƙaurin igiyar kuma yana isa hancin dabba kafin harsashi. Dole mutum ya riƙe wuta a kusa da jikinsa alhali yana ɗauke da albarushi a ƙugu. Idan aka yi masa ba-zata lagwani bai kunnu ba, to bindigar ba ta fi sanda amfani ba har sai ya ƙyasta wuta. Shi ya sa takobi da mashi da wuƙar ɗamara ba su bar jikin Balarabe ba duk tsawon zamanin wannan bindiga.

Ta ina ta shigo

Ba a tsibirin Larabawa aka ƙirƙiri albarushi ba. A ƙasar Sin aka gano shi wajen ƙarni na 9, kuma rubutaccen bayaninsa mafi daɗewa da ya rage yana cikin wani kundin soja na can na shekarar 1044. Larabawa ba su ɓoye inda ilimin ya fito ba: masanin tsirrai da magunguna Ibnul Baiɗar, wanda ya rasu a 1248, ya ambaci gishirin da ake haɗa albarushi da shi da sunan "ƙanƙarar Sin". Wajen 1280 kuma wani masanin yaƙi na ƙasar Sham, Hasanur Rammah, ya rubuta littafi mai ɗauke da haɗe-haɗe fiye da 100 na albarushi da kayan wasan wuta. Wannan duka a Sham da Masar ne. Tsibirin kansa sai a farkon ƙarni na 16 bindiga ta shige shi sosai, kuma ta teku ta shigo.

Bayan Basko da Gama ya kewaya Afirka ya isa Indiya a 1498, jiragen Fotugal sun fara kai hari kan tashoshin Larabawa. Sun kama Maskat ta Oman a 1507, sun gwada Adan ta Yaman a 1513 ba su yi nasara ba, a 1517 kuma suka tunkari Jidda kanta aka kore su. Domin tare su ne Mamalik, masu mulkin Masar a lokacin, suka aiko da rundunar ruwa a ƙarƙashin Husainul Kurdi, wanda ya gina wa Jidda ganuwa, sannan ya juya kan Yaman. Sojojinsa ba su da yawa, amma suna da bindigogi, mutanen Yaman kuwa ba su saba da su ba. Sun ci Zabid a 1516, kuma a shekara mai biye aka kashe Sarki Amir ɗan Abdulwahhab na daular Ɗahiriyya a kusa da San'a. A wannan shekarar ce su kansu Mamalik suka faɗi a hannun Turkawan Usmaniyya (na Istanbul, ba na Sakkwato ba), waɗanda suka fi su riƙo da makaman wuta, kuma Turkawan suka kama Adan a 1538.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya saba faruwa da kowane makami: waɗanda aka ci da shi sun koye shi. Limaman Zaidiyya sun fitar da Turkawa daga Yaman wajen 1635, Imam Sulɗan ɗan Saif na Oman kuma ya kori Fotugal daga Maskat a 1650. Daga nan bindigar lagwani ta zama kayan gida. Bututun masu kyau galibi daga Indiya da Farisa da ƙasashen Turkawa ake kawo su, maƙeran gida su yi musu katako, maƙeran farfaru kuma su ɗaure su da zobban azurfa, har bindiga ta zama abin da ake auna darajar mutum da shi kuma ake gadar wa ɗa.

Ina rabon tsiro a ciki

Nan ne zuciyar maganar. Baƙin albarushi, ko na Sin ne ko na Turai ko na Najadu da ke tsakiyar Saudiyya, abu uku ne: gishirin albarushi (ba irin na miya ba), da gawayi, da farar wuta. Kowane da aikinsa. Gawayi shi ne makamashi, wato abin da ke ƙonewa. Farar wuta tana sa haɗin ya kama da sauƙi, wutar ta yi saurin yaɗuwa. Gishirin kuwa shi ne ke ba da iskar da wuta ke bukata. Kowace mace da ta taɓa hura murhu ta san cewa gawayi ba ya ci sai da fifita, kuma idan aka kife masa kwano mutuwa yake yi. To a cikin bututun bindiga da aka toshe da dalma babu mafici, babu iska. Gishirin nan ne ke sakin iskar daga jikinsa idan ya ji zafi, shi ya sa gawayin da zai yi rabin sa'a yana ci a kasko yake ƙonewa cikin ƙiftawar ido. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin albarushi wannan gishirin ne, gawayi kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Wanda ya daka gawayi zalla ya ɗura a bindiga, ko na wane itace ne, ba zai ji ko ƙara ba.

To me ya sa ake ta maganar tsiro? Saboda gawayi, duk da ƙarancinsa, shi ne ya fi raba albarushi mai kyau da maras kyau. Farar wuta iri ɗaya ce a ko'ina, gishirin ma idan an tsarkake shi iri ɗaya ne, amma gawayi yana ɗauke da halin itacen da ya fito daga gare shi. Gawayin da maƙeri ke so, irin na ƙirya, mai nauyi ne mai daɗewa yana ci, kuma wannan halin ne ya sa bai dace da bindiga ba. Abin da ake nema shi ne akasin haka: itace maras nauyi, mai kafofi da yawa a jikinsa, mai saurin dakuwa, maras yawan toka. Turawa sun dogara da wasu itatuwa masu taushi da ke fitowa a bakin rafi. Larabawan hamada ba su da irin waɗannan rafukan, sai suka duba abin da ke gabansu, kuma itacen da ya fi shahara a wurinsu don wannan aiki shi ne wanda suke kira "ushar".

Ushar ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin shi ne tumfafiya. Ita ce dai wadda ke fitowa a kan juji da fako da bakin hanya, mai faffaɗan ganye mai furfura, mai farin ruwa kamar nono wanda iyaye ke gargaɗin yara kada ya shiga musu ido, mai 'ya'ya kore kumburarru da idan an matsa su sai su fashe da iska. Duk wanda ya taɓa ɗaga busasshen karan tumfafiya ya san cewa kusan babu komai a hannunsa. Rashin nauyin da ya sa matan gida ke raina ta a matsayin itacen girki shi ne ya ɗaga darajarta a wurin masu albarushi, ba a ƙasashen Larabawa kaɗai ba, har da Indiya. Ga shi kuma tana jure fari, dabbobi ba su cika cin ta ba, saboda haka ana samun ta a wuraren da wasu itatuwa suka ƙare.

Wuri na biyu da tsiro ya shiga shi ne lagwani. Wani Ba'amurke mai bincike, Edward Robinson, da ya ziyarci gaɓar Mataccen Teku a ƙasar Falasɗinu a 1838, ya rubuta cewa Larabawan wurin suna tara audugar da ke cikin 'ya'yan ushar su murza ta su yi lagwanin bindigoginsu, kuma sun fi son ta a kan igiyar da aka saba saboda tana ci da kanta ba sai an shafa mata farar wuta ba. Ke nan itace guda ya ba da gawayin ciki ya kuma ba da wutar waje. A wasu wuraren da auduga ko zaren ɓawon itace ake tufka igiyar.

Wuri na uku ya fi ɓoyuwa, shi ne toka. Gishirin da ake samowa daga ƙasa yana zuwa ne a gauraye da wasu gishirai masu jan laima, waɗanda ke sa albarushi ya jiƙe ya ƙi tashi. Tun a littafin Hasanur Rammah an ambaci amfani da tokar itace wajen tsarkake shi. Hikimar ba ta da nisa da ta matan da ke tace ruwan toka don miya ko sabulu, domin sinadarin da suke nema a cikin tokar shi ne dai wanda gishirin albarushi ke bukata.

A ganina, kiran wannan abu "albarushin tsiro" kamar kiran tuwo ne da sunan miyarsa. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, amma tana ɓoye abin da ya fi wahalar samu.

Sauran biyun da ba a cika ambata ba

Gishirin albarushi yana taruwa ne a ƙasar da kashi da fitsarin dabbobi suka daɗe suna ruɓewa a wuri busasshe da ruwan sama ba ya wankewa: tsofaffin garake, kufai, kogunan duwatsu da jemagu ke kwana, gindin tsohuwar katanga. Ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke yin aikin a cikin ƙasa tsawon shekaru. Yanayin tsibirin Larabawa ya dace da haka, shi ya sa ƙabilu da yawa suke iya samun ɗan abin da zai ishe su. Amma babbar ma'adanarsa a duniyar wancan zamani ita ce Indiya, musamman yankin Bihar, inda kamfanonin Turawa suka riƙa loda shi a jirage a ƙarni na 17 da na 18, kuma tashoshin Larabawa suna kan wannan hanyar ciniki.

Farar wuta ce ta fi tilasta sayayya, domin ba a ko'ina take ba. Ana samun ta a wuraren duwatsu masu aman wuta, irin na kusa da Zamar a Yaman, ana kuma kawo ta daga gaɓar Farisa. Sarakunan Maskat sun riƙe hayar tashar Bandar Abbas tun daga ƙarshen ƙarni na 18 har zuwa 1868, kuma ma'adanan farar wuta na garin Khamir da ke kusa da ita suna cikin abin da ya sa wurin yake da daraja a idonsu. Dalma ita ma saya ake yi, shi ya sa maharbi kan tono harsashinsa daga jikin dabba ko daga ƙasa ya sake narkawa.

Me ya sa suka riƙe ta bayan Turai ta yar

Sojojin Turai sun koma bindigar ƙyastu wajen shekarar 1700. A tsibirin Larabawa kuwa matafiya irin su Burkhardt, ɗan ƙasar Suwizalan da ya shiga Makka a 1814, da Charles Doughty, Baturen Ingila da ya yi yawo a arewacin Hijaz da Najadu daga 1876 zuwa 1878, duk sun tarar da mai lagwani ce bindigar yau da kullum a hannun makiyaya. Akwai masu fassara wannan da ci-baya ko ƙin sabon abu. Wannan fassarar ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin Japan, wadda ta karɓi irin wannan bindiga daga Fotugal a 1543 kuma take da maƙera na gani na faɗa, ita ma ta riƙe ta har tsakiyar ƙarni na 19.

Dalilin ya fi kusa da lissafin rayuwa. Bindigar ƙyastu tana bukatar ƙanƙara mai kyau da aka sassaƙa daidai, wadda ke dakushewa bayan harbi kaɗan, tana kuma da ƙarafa masu tsalle waɗanda idan ɗaya ya karye a tsakiyar hamada babu mai gyara shi sai an yi tafiyar kwanaki zuwa birni, ga yashi da ke shiga ko'ina. Babban aibin mai lagwani kuwa shi ne ruwan sama, abin da ya fi komai ƙaranci a can. Sannan yaƙin ƙabilu ba irin na Turai ba ne da ake jera dubban sojoji suna harbi a tare. Hari ne na kwasar raƙuma, ko tsaron rijiya, ko harbi daga bayan dutse da saman ganuwa, inda harbi guda da aka auna da kyau ya fi saurin ɗuri muhimmanci. Mutumin da ke iya tufka lagwaninsa, ya ƙona gawayinsa, ya zuba harsashinsa, ba ya jiran jirgin ruwan kowa sai don farar wuta da dalma. Wannan 'yancin ne ake saya da jinkirin harbi.

Abin da ya kawo ƙarshenta

Bindigar Martini-Henry, wadda sojojin Birtaniya suka fara amfani da ita a 1871, ta baya ake sa mata harsashi, tana da nisan zango, kuma ana harba ta sau da yawa kafin mai lagwani ya gama ɗuri ɗaya. Da ƙasashen Turai suka koma waɗanda suka fi ta, sai tsofaffin suka cika kasuwa. Yarjejeniyar Burasels ta 1890 ta taƙaita sayar da bindigogin zamani a yawancin Afirka, sai fataken makamai suka karkata zuwa Maskat, wadda ba ta cikin yankin haramcin kuma take da yarjejeniyoyin ciniki da Faransa da Amurka da Birtaniya. Cikin shekaru 20 Maskat ta zama babbar kasuwar bindiga a yankin, daga nan ake kai su cikin hamada, ake kuma tsallakar da su zuwa Farisa da Afganistan, har sai da Birtaniya ta matsa wa Sarkin Maskat, Faisal ɗan Sarki Turki, ya kafa rumbun ajiyar makamai na gwamnati a 1912. Zuwa lokacin aikin gama ya gama.

Martini kanta baƙin albarushi take ci, saboda haka mai sana'ar gargajiya bai rasa aiki nan take ba, ana iya sake cika kwanson da aka harba. Sai dai kwanson tagulla da 'yar hular da ke tayar da shi, masana'anta ce kaɗai ke yin su. Da albarushi maras hayaƙi ya zo, wanda Paul Vieille ya ƙirƙira a Faransa a 1884, sai ƙofar ta rufe gaba ɗaya, domin ba abu ne da ake yi a turmi ba. Abin dariyar shi ne, wannan sabon ne ya fi cancantar a kira shi na tsiro, tunda tushensa auduga ce da aka sarrafa da ruwan guba mai ƙarfi.

Gado ko haɗari

Yau baƙin albarushi a Saudiyya da Oman da Yaman ya koma kayan biki. Rawar da aka fara wannan bayani da ita ana kiran ta "ta'ashir", ta ƙabilun duwatsun Ɗa'ifa da kewayen Hijaz ce, ana yin ta a ɗaurin aure da tarbar baƙi da bukukuwan ƙasa, kuma albarushi zalla ake ɗurawa, babu dalma. Hayaƙin da ke ba ta kyau shi ne aibin da sojoji suka gudu dominsa, domin fiye da rabin nauyin baƙin albarushi ba ya zama iska, yana fita ne a matsayin hayaƙi da dauɗar da ke toshe bututu.

Masu goyon bayan ci gaba da abin suna cewa sana'a ce da ke hannun tsofaffi ƙalilan, idan suka tafi ta tafi, kuma gwamnatocin yankin da kansu suna tallata irin waɗannan al'adu. Hukumar UNESCO ta sanya rawar yaƙin Najadu da ake kira "arda" cikin jerin al'adun duniya a 2015, ta sanya sukuwar dawaki da harbin bindiga ta Maroko a 2021. A Oman akwai gidan tarihin ƙananan makamai a tsohuwar fadar Baitur Rudaida da ke Birkatul Mauz, inda ake iya ganin abu fatila da waɗanda suka gaje ta a jere.

Masu adawa kuma suna nuni da hannaye da idanun da aka rasa. Haɗarin yana wurare biyu. Na farko wajen haɗawa ne, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da abin da ke cikin turmi, kuma masu sana'ar na da, duk da ƙwarewarsu, sun sha ƙonewa. Na biyu tsohon bututu ne da tsatsa ta ci ta ciki, wanda ke iya tsagewa a hannun mai shi idan ya cika ɗuri don neman ƙara mai ƙarfi a gaban jama'a. Sau da yawa kuma akan haɗa wannan muhawara da ta harbin murna da bindigogin zamani, alhali ba ɗaya ba ne. A watan Oktoba na 2012, a wani ƙauye kusa da Abƙaiƙ a gabashin Saudiyya, harbin murna a wurin biki ya tsinko wayar lantarki, mutum fiye da 20 suka mutu. Harsashi mai rai ne ke iya yin irin wannan ɓarna daga nesa. Albarushi zalla kuwa mai riƙe da bindigar da na kusa da shi yake cutarwa. Hukunci ɗaya ba zai yi wa biyun adalci ba, amma hakan bai mai da na biyun wasan yara ba.

Inda abin ya taɓo mu

Ƙarar da 'yan bindiga ke tayarwa a hawan sallah dangin ta'ashir ce, albarushi ne babu harsashi, kuma hawan Kano shi ma ya shiga jerin UNESCO a 2024. Tarihin ya yi nisa: Mai Idris Alauma na Borno ya kawo Turkawa masu bindiga a ƙarni na 16, kuma tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dogarai masu bindiga. Sai dai bindigar tokar da mafarauta ke riƙewa a yau ta fi kusa da mai ƙyastu da mai hula, waɗanda suka shigo ta hannun fataken Turai daga bakin teku. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta ɗauke ta a matsayin kayan ado ba, ta ware wa bindigogin ɗuri ta baki aji na kansu, ta kuma hana ƙera makami ba tare da izini ba. Saboda haka saurayin da ya ga bidiyo ya duba tumfafiyar bayan gidansu da wata manufa, doka da haɗarin ƙuna ne za su fara tarar sa.

Ga mai son tantance abin da yake gani a hoto ko a shagon kayan tarihi, alamar a fili take. A duba gefen bindigar wajen gindin bututu. Idan akwai 'yar guduma da ake ja baya da babban yatsa, mai hula ce, kuma ƙirarta ba ta wuce kimanin shekara 200 ba. Idan gudumar tana cije da ɗan dutse, mai ƙyastu ce. Abu fatila ba ta da guduma ko kaɗan, sai igiya naɗe a jikin katako, kuma idan a shirye take da harbi za a ga siririn hayaƙi yana tashi daga bakin igiyar tun kafin a taɓa kunama.